Auren Tufin Maiwada

Idan ka shiga Kwangila ka ce kana neman mai yanka gilashi, shago uku za a nuna maka. Idan kuwa ka ce kana neman mai gilashin nan da ke ajiye mugayen kifaye, ko akuyar unguwar ta san ƙofar Maiwada. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin magana da saurin dariya, ya haura hamsin da biyar amma har yau bai koyi tafiya a hankali ba. Kakansa Bakatsine ne, aikin shimfiɗa dogo ya biyo ya zo Minna, gari ya yi masa daɗi ya sauke kaya. Ubansa ya yi gadin sito a tashar jirgi har tsufa. Shi kuma Maiwada tun yana saurayi ya kama yankan gilashi. Shekara talatin da 'yan kai yana jan layi yana ɓalle gilashi da babban yatsansa na dama, bai taɓa yankan da ya kai a ɗaure da tsumma ba. Ba ƙaramin alfahari yake da yatsan nan ba, har ɗaga wa masu sayayya shi yake yi su gani.

Ta hanyar guntayen gilashi kifi ya shigo rayuwarsa. Wata rana ya dubi tarin ragowar da ke bayan shago, ya ga asara ce a zubar, ya haɗa su da gam ya yi akwati, ya cika da ruwa, ya jefa 'yan karfasa. Mako biyu suka gundure shi. Ya ce karfasa ba ta da labari, ci kawai da yawo, kamar surukin da ya zo hutu. Shi mai faɗa yake so, mai haƙori, wanda in ka dube shi zai dube ka.

Abin da ya biyo baya, matarsa Rahmatu ce ta fi kowa iya ba da labarinsa, don ita ke share ɓarnar. Ya kawo tsage, tsage ya yi ta dukan gilashi da baki har ya kashe kansa. Ya kawo minjirya, ya manta ya tsoma hannu zai gyara dutse, sai ga dattijo zaune a ƙasa yana salati, hula a can, takalmi a can. Ya haɗa tarwaɗa biyu manya, kafin azahar ɗaya ta saɓule wa ɗaya fata. Rahmatu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke sayen rigima ya kawo gida a bokiti ba sai mijinta. Tana faɗa tana tankaɗe masa yashin da zai shimfiɗa musu.

A hankali ya gano kan abin, kuma ba a littafi ya gano ba, a wajen marigayiya mahaifiyarsa Azumi ya ɗauko. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ta riƙe a bayan tasha, da Nufawa da Yarabawa da Gwarawa da Ibo duk a tsakar gida ɗaya. Ranar da sabon ɗan haya zai tare, sai ta tashi kowa: a kawar da durom ɗin ruwa daga inda yake, a sake wa igiyar shanya wuri, a juya murhu. Kafin baƙo ya gama shigar da kaya, tsofaffin gidan ma suna neman inda kayansu suka koma, ba wanda ke da bakin cewa nan wurina ne tun da. Haka Maiwada ya riƙa yi wa kifi. Duk ranar da zai saka sabo, sai ya kwashe duwatsu da tukwane ya sake musu zama. Ya ƙara da doka biyu nasa: kada a haɗa kifin da zai shiga bakin wani, kuma kada a bar kowa da yunwa. Da wannan ya gina babban akwatinsa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, mai tsawon ƙofa ɗaya da rabi in an kwantar, ya sa masa suna Gidan Haya.

Mai gidan a cikin Gidan Haya shi ne Sarkin Tasha, wani tufi, kifin nan mai kai irin na maciji da zane-zanen baƙi a jiki. Bai fi yatsa ba lokacin da aka kawo shi, shekara shida ke nan, yanzu ya kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu. Yini yake kwance a cikin fasasshen tulu ba motsi, sai can ya taso a hankali ya shaƙi iska a saman ruwa ya koma, kamar mai duba ko jirgi ya iso. Maƙwabtansa gwando biyu ne masu ƙaya a gadon baya, da wani ƙurungu mai gurnani. A hannun Maiwada yake karɓar abinci, har shafa kansa ake yi ya tsaya. Maiwada na son kifin nan so na gaske, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

Wanda ya kawo masa shi Yisa ne, Banufe masunci daga Wushishi, da ke kawo kifi Kasuwar Kure duk mako. To, Banufe da Bakatsine, ka san abin da ke tsakani. Tun ranar da Yisa ya ji asalin Maiwada, magana ta gaskiya ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba. Yisa ya ce ya zo duba bawansa, Maiwada ya ce a kawo wa bawan gidansu ruwa a murfin tukunya. Yisa ya taɓa rantse masa cewa gwando na cin goro, Maiwada ya ɓata rabin goro kafin ya gane. Duk abin da ya fito daga bakin Yisa, dariya Maiwada ke fara yi kafin ya saurara.

Amininsa na gaske kuwa Gabriel ne, Bagware daga Maitumbi, mai gyaran rediyo da talabijin. Benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma daga lokacin ba sallar da ta wuce Gabriel bai ci naman gidan Maiwada ba, ba Kirsimetin da ta wuce shinkafar Magdalene, matar Gabriel, ba ta iso Kwangila ba. A wajen Maiwada ya kwashi ciwon kifi. Shekara uku da suka wuce 'yarsa Lilian ta je Legas ta dawo masa da tsaraba a leda: firana biyar, kifayen nan na ƙasashen waje da ake nunawa a talabijin suna cinye dabba cikin ƙiftawar ido. Kowace ba ta fi murfin kwalba ba. Maiwada ne ya yanka musu akwati da hannunsa.

Suna girma, idon Gabriel na rufewa. Yanar ido ta sauko masa a ido biyun, ya ajiye gyaran rediyo, ya koma gane mutane da murya. Lokacin da firana suka kai faɗin tafin hannu, cikinsu ya yi ja kamar tattasai, shi inuwa kawai yake gani tana gilmawa. Da kunne ya san su. Yakan jefa yankan kifi ya karkata kai, ya ce wannan mai gaggawar ce ta fara, wannan kuma matsoraciyar ce ta zo ƙarshe. Sai a farkon daminar bara Lilian ta shirya a yi masa aiki a Kaduna, inda take aure, ido ɗaya sannan ɗayan, wata biyu zai yi a can tare da Magdalene. Gida za a rufe, ga wuta ba tabbas, Maiwada kuma yana da sola mai juya injin hura iska. Aka ɗauko akwatin firana a bayan a-kori-kura aka kawo Kwangila.

Ranar tafiya Gabriel ya dafa gilashin da tafin hannu ya daɗe. Ya ce kowa na ba shi labarin jan cikin nan, shi kaɗai mai su bai taɓa gani ba.

"In Allah ya sa ido ya buɗe, daga mota nan zan fara zuwa, kafin gida. Su biyar ɗin nan nake so in fara gani."

"Biyar ka bari, biyar za ka tarar," in ji Maiwada. "Ko ɓawo ɗaya ba zai faɗi daga jikinsu ba."

Da ya tsaya a nan, da labarin bai kai a ba da shi ba. Amma kwana uku yana zaune tsakanin akwati biyu, ga firana a hagu, ga Sarkin Tasha a dama, zuciyarsa na ta yi masa susa. Mugun kifin ƙasar waje da mugun kifin kogin Kaduna a ruwa ɗaya, wa ya taɓa gani a Minna? Ya auna su da ido: firana ta fi bakin tufi faɗi, ba za ta haɗiyu ba, tufi kuma ya fi ƙarfin su taɓa shi in suna ƙoshe. Rahmatu ta tuna masa cewa kayan amana ne. Ya ce ai don amanar ne ma, babban akwati ya fi iska, ya fi fili, Gabriel zai dawo ya tarar sun yi ƙiba. Ita ta san ba don haka ba ne, shi ma ya sani.

Bai yi garaje ba, a ba shi wannan. Ya yanko gilashi ya raba Gidan Haya biyu, firana a gefe, 'yan gida a gefe, suna kallon juna kwana goma. Ranar sha ɗaya ya cika kowa da abinci har suka ƙi ci, ya kwashe duwatsu ya sake musu wuri, ya mai da tulun Sarkin Tasha ɗaya kusurwar, ya zuba kainuwa a saman ruwa don inuwa. Sannan ya yi bisimilla ya zare gilashin tsakiya.

Ba abin da ya faru. Wallahi ba abin da ya faru! Firana suka taru wuri ɗaya suna zazzare ido, ashe duk sunan nan da suka yi matsorata ne, ko tari ka yi sai su watse. Sarkin Tasha ya fito ya zagaya neman tulunsa, ya wuce ta gabansu ko kallo ba su ishe shi ba, ya samu tulu ya shige. Maiwada ya yi tsalle a tsakar gida, mutum mai jikoki, har ya ture butar alwala. Kafin la'asar labari ya gama Kwangila. Aka yi ta shigowa, masu shago da masu acaba da matan maƙwabta, kowa da wayarsa a sama yana ɗauka. Wani malamin makaranta ya ce a iya karatunsa wannan ba ya yiwuwa, Maiwada ya ce to ya matso ya karanta da idonsa. Mako biyu ana haka, shago ma sai da rana ta take yake buɗewa.

Cikin masu kallon nan ne tsiya ta taso. Matan unguwa suka ce kowa a akwatin da ɗan uwansa, firana biyar, gwando biyu, amma mai gidan shekara shida gwauro, wannan wane irin riƙo ne? Rahmatu ta kama musu, ta ce ai Malam rowa ce da shi, sadaki yake gudu. Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna wa Maiwada. Ya dubi Sarkin Tasha kwance shi kaɗai a bakin tulu, tausayi na gaske ya kama shi. Washegari ya tari Yisa a Kasuwar Kure ya ce ya samo masa tufi mace, mai kyau, 'yar gidan mutunci, ba irin dangin Yisa ba.

Mako na zagayowa sai ga Yisa da bokiti an rufe da buhu. Ya ce daga fadamar bayan Wushishi ya kamo ta, kuma da ganin cikinta mace ce. Da ya shigo ya ga inda za a saka ta, sai ya tsaya. Ya dubi firana, ya dubi kainuwar da ke yawo a sama, fuskarsa ta canja.

"Bakatsine, raba su. Tufi in ya yi ƙwai ba ya barin komai da rai kusa da shi. Mu kanmu ba ma tsoma ƙafa inda yake da 'ya'ya."

Maiwada ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce wato bayan gwando mai cin goro, yau kuma tufi mai cin ƙafar Nufawa aka kawo masa. Kifi ya taɓa haihuwa a cikin gilashi? Shekara nawa yana wannan harka, ko ƙwai ɗaya bai taɓa gani ba, kifi sai a kogi yake haihuwa. Yisa ya ce wallahi ba wasa yake ba. To ai ranar goron ma haka ya ce. Yisa ya sake faɗa, Maiwada ya cusa masa alewa a aljihu ya ce ga tukuicin waliyyin amarya, ya kama hanya kada motar Wushishi ta bar shi.

Aka yi biki, ba wasa ba. Maiwada ya sake juya duwatsu yadda ya saba, aka saki Amarya, mata suka rangaɗa guɗa, aka raba goro da alewa, Rahmatu har da soya cincin. Sarkin Tasha ya fito ya zagaya baƙuwar sau uku, sai ga su sun jera sun shige tulu tare. Maiwada ya rasa inda zai sa kansa don murna. A ranar ya kira Gabriel, ya ji an yi ido na farko lafiya, ya ce masa kifayensa na nan ƙalau har sun ƙara ja. Bai ce masa sun bar akwatinsu ba.

Damina ta zauna sosai. Ruwan sama ya fi na famfo daɗi ga kifi, don haka duk kwana biyu Maiwada na tara na indararo ya sauya musu. Sai ango da amarya suka fara wasu abubuwa. Jikinsu ya yi duhu, suka bar tulu suka koma ƙarƙashin kainuwa, suna naɗe juna suna warwarewa. Sarkin Tasha ya daina karɓar abinci a hannu. Maiwada ya ce amarci ne, a ƙyale su. Wata safiya ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gero suna yawo tsakanin ganyen, ya ce datti ne daga rufin kwano, in ya dawo zai kwashe. Ya hau babur ya tafi Bosso, inda yake saka tagogi a wani sabon gida.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, yana kan tsani da gilashi a hannu, waya ta yi ƙara. Rahmatu ce, kuma ko sallama ba ta yi ba.

"Malam, ka zo yanzu. Sarkin Tasha yana kashe kifin Baban Lilian."

Bai san yadda ya sauko ba, bai san yadda ya ratsa garin ba. Ya tarar da ruwan Gidan Haya ya yi dumu-dumu, ɓawon kifi na yawo yana ƙyalli. Gwando da ƙurungu sun cusa kai ƙarƙashin duwatsu. Firana ɗaya na birkice a ƙasa, ciki a farke. Wata kuma kai kaɗai ya rage, don da tufi ya ji mata rauni, 'yan uwanta ne suka ƙarasa ta, haka halinsu yake. Ukun da suka rage sun cure a kusurwa, Amarya ta tsare ƙarƙashin kainuwa, shi kuma Sarkin Tasha, wannan mai kwanciya yini guda, ya zama wani abu daban. Sai ya ja baya, ya lanƙwashe, ya harbo kansa cikinsu har gilashi ya amsa.

Maiwada ya fizgo 'yar ragar kamun kifi ya kamfato ɗaya, ta datse ragar da haƙori ta faɗa ruwa. Ya nemi gilashin tsakiya, ashe ya yanka shi ya yi wa wani taga tun makon jiya. Ba sauran dabara. Ya karɓi robar wanke shinkafa daga hannun Rahmatu, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu biyu har kafaɗa. Sarkin Tasha, da ya ci a tafin nan shekara shida, ya kafa masa haƙora a damtse ya girgiza. Maiwada ya cije ya kamfato ta farko ya juye a bokiti, ya koma ya kamfato ta biyu. Ta uku ta yi tsalle za ta fice daga robar, ya tare ta da hannun dama. Ji ya yi kamar an ɗan taɓa shi da reza, ba zafi ma, sai da ya ga ruwan bokiti ya yi ja. Kan babban yatsan nan, wanda gilashi bai taɓa samu ba, firanar Gabriel ta tafi da shi.

A wani ƙaramin asibiti aka ɗinke, aka naɗe. Da ya dawo, ɗaya daga cikin ukun ta riga ta juya ciki sama, raunin da tufi ya yi mata ya yi yawa. Saura biyu a tsohon akwatinsu, ɗaya ma da yagaggiyar jela. Maiwada ya zauna a kan turmi. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Rahmatu ba ta ce ai na faɗa ba, ta kawo masa kunu ta ajiye, wannan ya fi masa ciwo.

Bayan kwana biyu dattin nan na rufin kwano ya fashe. Ɗaruruwan 'ya'yan tufi, ƙanana kamar tsinken ashana, suka taru dunƙule guda suna juyawa tare, uban na ƙarƙashinsu yana gadi. Abin da ya rantse ba ya yiwuwa, ga shi a tsakar gidansa. Duk da halin da yake ciki sai da ya kira Rahmatu da ƙarfi ta zo ta gani, suka durƙusa su biyu gaban gilashi kamar yara. Murna ta taso masa, ya waiga ya ga akwatin Gabriel, ta koma.

Yisa ya zo ranar kasuwa, ya dubi yatsan, ya dubi 'ya'yan, bai yi dariya ba. Maiwada ya ce shi fa ya ɗauka wasan da suka saba ne. Yisa ya ce yana yi masa wasa a kan hula da tuwo da asali, amma bai taɓa yi wa kowa wasa a kan abin da ke cikin ruwa ba, in ban da goron nan, kuma ga shi goron ya jawo. Ranar ko ruwa bai tsaya sha ba.

Saura kwana tara Gabriel ya dawo. Maiwada ya kira masu sayar da kifin ado a Legas, suka ce sai ƙanana irin murfin kwalba. Ya ɗauki waya zai kira Kaduna ya fi sau goma, yana ajiyewa, yana ce wa kansa ba a tayar wa mai jinyar ido hankali. Daga ƙarshe ya yi wani abin da ya fi na farko muni. Ya cika akwatin firana da duwatsu da tukwane da ganye, har ba ka iya ganin bayansa. Firana matsorata ne, kowa ya sani, in aka ce uku sun ɓuya wa zai musa? Ko kwana biyu ya samu, ya nemo bakin da zai faɗa. Rahmatu ta dubi aikin ta ce ita ranar tana ɗaki, kada ya kira ta shaida.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Gabriel ya shigo da baƙin tabarau, ba mai riƙe masa hannu, Magdalene na biye da jaka. Ya tsaya tsakar gida yana dariya, ya ce ashe Maiwada ya yi furfura haka ba wanda ya gaya masa, ashe rumfar nan shuɗiya ce. Suka rungume juna, Maiwada na ɓoye hannun dama a cikin riga. Gabriel bai zauna ba. Ya nufi akwatinsa, ya cire tabarau, ya durƙusa.

Biyun suka fito daga bayan tukunya, hasken rana ya sauka a cikinsu. Gabriel ya ja numfashi. Ya ce kai, ashe duk masu ba shi labari ba su iya faɗa ba, wannan ai ya fi tattasai. Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe. Sannan ya fara leƙa bayan duwatsu, ya koma gefe, ya dawo. Ya rufe idon hagu ya duba da na dama, ya rufe na dama ya duba da na hagu. Murnar ta bar fuskarsa. Likita ya gaya masa wani lokaci gani kan yi gardama bayan aiki, kuma tsoron da ya kwana da shi wata biyu ke nan. Ya murza gefen ido da yatsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Maiwada, gaya mini gaskiya. Biyu kawai nake gani. Idon ne bai gyaru ba?"

Maganar ɓuya tana kan harshen Maiwada, ya kwana tara yana gyara ta. Ya dubi amininsa durƙushe yana tuhumar idon da ya sha wuya a kansa, ya ji ba zai iya ba.

"Idonka ya gyaru, Gabriel. Biyu ne."

Ya fito da hannun daga riga, ya faɗi komai a tsaye, tun daga gilashin tsakiya har goron biki, bai rage ba, bai ɗora wa Yisa ko matan unguwa ba. Gabriel bai katse shi ba. Da ya gama, Gabriel ya ce a ba shi yankan kifi. Rahmatu ta fito daga ɗaki ta kawo. Ya jefa a ruwa, ya rufe sabbin idanun nan duka biyu, ya karkata kai yadda ya saba. Aka ji motsi ɗaya, aka jira, aka ji na biyu.

"Mai gaggawar ba ta ciki," in ji shi.

A ranar aka ɗora akwatin a mota aka kai Maitumbi, abincin da Rahmatu ta dafa musu ya huce a kwano.

Wata guda Gabriel bai tako Kwangila ba. Maiwada ya je sau biyu, aka gaisa a ƙofa, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙo. Ya koma shago ya koyi ɓalle gilashi da filaya, don yatsan ya warke amma ba ya jin komai a kai, ya kuma daina ɗaga wa kowa shi. Ya yanka sabon gilashin tsakiya mai kauri ya manne shi da gam, yadda ko shi kansa ba zai iya zarewa ba in zuciya ta sake yi masa susa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, yana tsugune yana ba 'ya'yan tufi abinci, sun kai tsawon yatsa, sai ya ji sallama. Gabriel ne, da kayan cocinsa, da bokiti ba komai a ciki. Ya wuce Maiwada ya tsaya gaban Gidan Haya, ya daɗe suna kallon-kallo da Sarkin Tasha. Sannan ya kamo hannun Maiwada na dama, ya juya yatsan a hasken rana, ya duba shi sosai, ya sake shi. Ya miƙa bokitin.

"Ɗan wannan mugun nake so. Ɗaya, Maiwada. Kuma ba za a yi masa aure ba."

Maiwada ya karɓi bokitin, ya ɗaga murya ya ce wa Rahmatu ta ɗora ruwan shayi.